Ayar da ta ɓace daga wasiƙar Yohanna

Wanda ya buɗe tsohuwar fassarar Ingilishi ta Sarki James, bugun 1611, ya duba wasiƙar Yohanna ta fari, sura 5, aya 7, zai tarar da jumlar da ke lissafa shaidu uku a sama, wato Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki, tana kuma tabbatar da kaɗaitakarsu. Duk Sabon Alkawari babu inda aka faɗi Triniti ƙarara kamar nan. Amma yawancin fassarorin yau ba su da ita, ko sun mayar da ita ƙasan shafi. Wa ya cire ta?

Sawun farko yana birnin Basel. A can ne, a 1516, masani Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Helenanci ba tare da jumlar ba. Malamai suka yi masa caa, shi kuwa ya ce bai gan ta ba a rubuce-rubucen hannu na Helenanci da ya duba. Ana nan sai ga wani kwafi daga Ingila ɗauke da ita, Erasmus ya saka ta a bugunsa na uku a 1522, yana mai zargin cewa an gyara kwafin ne ya dace da Latin. Zarginsa na da tushe, domin masana sun gano wajen 1520 aka rubuta shi. Yau yana ajiye a Dublin.

To kafin nan fa? Manyan kwafin Helenanci biyu na ƙarni na 4, wanda aka samo a gidan ibada na Dutsen Sinai da wanda ke Batikan, duk babu ta. Shaidar da ta fi ƙarfi a wurina kuwa ita ce shirun magabata. Bayan da wani malamin coci mai suna Ariyus ya ce Ɗan, wato Almasihu, halitta ne, shugabannin coci suka taru a Nikiya a 325, Atanasiyus na Iskandariya ya shafe shekaru yana kare allahntakar Almasihu, har aka kore shi daga kujerarsa ta bishop sau 5. Da ayar na cikin littafinsa, ai da ita zai fara. Bai taɓa kawo ta ba.

A Latin sawun ya ƙare. Jumlar ta fara bayyana sarai a wani rubutu na ƙarshen ƙarni na 4 da ake danganta wa Firisiliyan, bishop ɗin Abila a Sifen. Ainihin nassin yana maganar Ruhu da ruwa da jini ne. Masu wa'azin Latin sun saba fassara ukun nan a matsayin alamar Triniti, kuma bisa dukkan alamu wani ya rubuta sharhin a gefen shafi, mai kwafa na baya ya ɗauka mantuwa ce aka cike, ya shigar da shi ciki. Ashe ba cirewa aka yi ba, ƙari ne aka gano, kuma fassarar Ingilishi da aka sabunta a 1881 ta fitar da shi.

Ina ganin bai kamata wannan ya tayar wa mai bi hankali ba. Waɗanda suka tsara aƙidar a Nikiya, suka kammala ta a Konstantinoful a 381, da wasu nassoshi suka yi aiki: baftismar Yesu a Kogin Urdun, inda murya ta zo daga sama Ruhu kuma ya sauko, da farkon Bisharar Yohanna, da umarnin yin baftisma a Matiyu 28:19, da albarkar da Bulus ya rufe wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa da ita. Waɗannan duka suna cikin tsofaffin kwafin nan biyu.