Koyar da aikin haƙori ta bidiyo

Koyar da aikin haƙori ta bidiyo hanya ce ta nuna wa ɗaliban likitancin haƙori ayyukan hannu, kamar ciko, cire haƙori da allurar kashe zafi, ta hanyar bidiyon da ake kallo a intanet kafin ɗalibi ya gwada da kansa.

Amfani

Bakin mutum wuri ne matsattse. Idan malami yana aiki a kan haƙorin da ke can ciki, waɗanda ke dab da shi kaɗai suke ganin abin da yake yi, sauran sai dai su ga bayan hannunsa. Kyamara tana kusanto da wurin, ɗalibi ya tsayar da hoton, ya maimaita, har ya gane yadda ake riƙe madubi da inda allura ke shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da aka goge daga haƙori ba ya sake tsirowa.

A tsarin matakai huɗu na Rodney Peyton na shekarar 1998, malami yana yin aikin, ya sake yi yana bayani, sannan ɗalibi ya faɗi matakan, a ƙarshe ya yi da hannunsa. Bidiyo ya fi dacewa da matakai biyu na farko.

Iyaka

Bidiyo ba ya koyar da nauyin hannu, ko bambancin taurin lafiyayyen haƙori da wanda ya ruɓe. Shi ya sa har yanzu ake fara gwaji a kan mutum-mutumin kai mai haƙora, wanda Oswald Fergus ya ƙirƙiro a 1894. Kuma kowa na iya ɗora bidiyo a YouTube, har da mai nuna hanyar da aka daina bi, don haka wanda malami ya tantance ya fi aminci.

A Najeriya

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda asibitin koyarwarta ke Shika kuma tsohon mazauninsa ke Tudun Wada, Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano suna cikin masu horar da likitocin haƙori a Arewa. Hukumar MDCN ce ke tantance karatun, wanda ke ɗaukar shekara shida. Rufe jami'o'i saboda cutar korona a watan Maris na 2020 ya tura ɗalibai da dama ga koyo ta waya, sai dai tsadar data da ɗaukewar wutar lantarki suna rage yawan kallon.