Kafin ka sayi baro don lambu ko aikin gida, fara duba taya

Da zarar damina ta ɗauke, noman rani ya kankama a Kadawa da Bakolori da sauran fadamu, sai buƙatar baro ta tashi. Akwai takin da za a kai fangali, akwai kwandunan tumatir da buhunan albasa da za a fito da su bakin hanya. A cikin gari ma lokacin ne ake cike ramukan da ruwa ya zaizaye a tsakar gida, ana kwashe takin turke, ana ɗan gyaran katanga.

Mai saye yakan shiga kasuwar kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ya tarar an jera baro kala-kala, kore da ja da shuɗi, duk kamarsu ɗaya a ido. Sai ya tambayi farashi, ya ɗauki mai rahusa. Bambancin ba ya fitowa sai an ɗora kaya: wani zai yi shekaru yana aiki, wani kuwa kafin a cire albasa ƙafarsa ta lanƙwashe, kwanonsa ya ɓule, mai shi kuma yana fama da ciwon baya.

Me za ka riƙa ɗauka?

Wannan ce tambayar farko, domin girman kwano ba shi ne nauyin kaya ba. Baron da aka fi gani a kasuwanninmu yana cin kimanin lita 65. Idan ka cika shi da ruwa, kilo 65 ke nan. Idan busasshen yashi ne, ya kai kusan kilo 100. Jiƙaƙƙen yashi kuwa yana iya haura kilo 120, wato fiye da buhun siminti biyu, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Amma busasshen taki ko harawa ko ganyen shara, ko ka tula su har sun yi tozo, ba za su kusanci wannan nauyi ba.

Saboda haka mai kiwo da zai riƙa kwashe shara da ciyawa ya fi buƙatar kwano mai faɗi da zurfi. Wanda zai yi jigilar ƙasa da dutse da kwaɓin siminti kuwa, babban kwano ba gata ba ne a gare shi, don ba zai iya tura shi a cike ba. Abin da yake buƙata shi ne ƙarfe mai kauri da ƙafafu masu ƙwari.

Masu gini su ƙara lura da abu ɗaya. Da yake an saba auna yashi da baro, a ce baro kaza ga buhun siminti ɗaya, sauya baro zuwa wanda ya fi girma yana nufin an ƙara yashi a kwaɓi ba tare da an sani ba. Bulon da aka buga a haka shi ne wanda ke marmashewa a hannu.

Inda nauyi yake zama

Baro yana raba nauyi ne tsakanin taya da hannuwanka, kuma wurin da kayan suka zauna shi ke yanke rabon kowa. A ce daga tsakiyar taya zuwa mariƙi santimita 120 ne, kayan kuma suna zaune santimita 40 daga tayar. Kashi ɗaya cikin uku ne kawai zai hau kanka: a kaya mai kilo 120, hannunka na ɗauke da 40. Idan kayan suka matso baya zuwa santimita 60, rabi ya dawo kanka, kilo 60. Kaya ɗaya, tafiya ɗaya, amma ƙarin kilo 20 a kafaɗa da ƙugu, sau nawa a yini?

Shi ya sa ya kamata ka tsaya a gefen baron ka dube shi da kyau. Wanda bakin kwanonsa ya hau kan taya sosai ya fi sauƙin ɗagawa da juyewa. Wanda tayarsa ta yi gaba can ta bar kwano a baya, kai ne za ka zama jakinsa. Haka kuma wajen lodi, a sa abu mai nauyi gaba, mai sauƙi baya.

Mutanen Chaina sun gane wannan tun da daɗewa. Akwai zanen baro a kaburburan zamanin daular Han, kusan shekara 1,900 da suka wuce, kuma daga baya suka shahara da irin wanda ake sa babbar taya a tsakiya, a rataya kaya hagu da dama, tayar ta ɗauke kusan dukkan nauyin. Irin namu mai taya a gaba samfurin Turai ne, wanda ya bayyana a can wajen ƙarni na 13. Ya fi dacewa da gajeren zango da yawan juye kaya, kuma aikin lambu da na gini ke nan.

Taya: mai iska ko maras iska?

A nan ne aka fi yin asara. Taya mai iska, wadda galibi za ka ga an rubuta 4.00-8 ko 3.50-8 a jikinta, tana da laushi. Tana shanye gargada, tana hawa kunya da dakali ba tare da jijjiga hannu ba, kuma ba ta saurin nutsewa a rairayi ko laka. Ga tumatir da sauran kayan gwari da ba sa son girgiza, babu kamarta.

Matsalarta ƙaya. Duk wanda gonarsa ke da tsidau, ko shingensa na ƙayar aduwa ko bagaruwa ne, ya san zai zama abokin mai faci. Haka a filin gini inda ƙusoshi da guntayen waya suke warwatse. Idan kuma aka bar ta a sace aka ci gaba da turawa da kaya, tayar ce za ta tsage gaba ɗaya.

Taya maras iska, ta roba zalla, ba ruwanta da ƙaya. Amma tana da tauri, kowane dutse sai ka ji shi a gwiwar hannu, kuma siririyar cikinsu tana kafewa a yashi. A daɓen siminti ko ƙasa mai tauri, musamman inda mai faci yake da nisa, ita ce zaɓi. A fadama mai laushi kuwa, mai iska mai faɗi ta fi, ko da za a riƙa faci.

Kowacce ka zaɓa, ɗaga gaban baron ka juya tayar da hannu. Ta juya shiru, ba tangaɗi, ba ta gogar ƙarfe. Girgiza ta hagu da dama: idan tana kaɗawa tun tana sabuwa, boris ɗin ba shi da kirki. Sannan ka tambayi mai shago ko yana sayar da tayar ita kaɗai. Baron da ba a samun tayarsa a garinku, ranar da ta mutu shi ma ya mutu.

Akwai kuma mai taya biyu. Ba ya kifewa gefe, don haka ya dace da dattijo ko matar gida da ke aiki a fili mai laushin tafiya. Sai dai ba ya bin siririyar hanya tsakanin fangali, ba ya hawa katakon da aka gitta a kan kwata, kuma juya shi a lungu aiki ne. Idan jarkokin ruwa ne babban aikinka, kura za ka nema, ba baro ba.

Kwano da ƙafafu

Fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. Danna tsakiyar kwanon da tafin hannu. Idan ya lotsa ya dawo da ƙara kamar gwangwani, ƙarfen bai wuce rabin milimita da ɗoriya ba, kuma shebur kaɗai ya isa ya huda shi. Na aiki mai nauyi yakan kusanci milimita ɗaya ko ya wuce. Shafa gefen bakin: wanda aka naɗe ya fi ƙarfi, kuma ba ya yankar hannu.

Takin zamani da ɗanyen kashin kaji suna cin ƙarfe da sauri. Wanda aikinsa ke nan ya nemi kwanon da aka yi wa rufin hana tsatsa irin na kwanon rufin ɗaki, ko na roba mai kauri. Na robar ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, amma zafin ranarmu yana busar da shi ya tsage idan kullum a waje yake kwana, kuma bai jure a jefa masa dutse ko garwashi.

Leƙa ƙasa ka ga ko akwai ƙarfen da ya haɗe ƙafafun biyu, da wasu biyu da suka tallafi gaban kwano. Su ne ke hana baro karkacewa. Ba banza ba ne masu dako a kasuwa suke kai sabon baro wurin mai walda a ƙara masa rodi tun kafin ya fara aiki. Wanda ke kusa da maƙera irin na Panteka a Kaduna yana iya sa a ƙera masa da kaurin da yake so, amma ya tabbatar tayar ta zauna daidai a tsakiya, don baron da aka yi wa walda a karkace kullum gefe guda yake ja.

Gwada shi a jikinka

Kada kunya ta hana ka tura shi a gaban shago, har ka roƙi a ɗora buhun siminti ɗaya ko biyu. Idan ka miƙe tsaye hannuwanka a sake, ƙafafun baron su bar ƙasa sosai. Dogon mutum da gajeren mariƙi, kayan za su riƙa zubewa ta gaba, ƙwaurinsa kuma yana bugun ƙarfen baya. Duba kuma ƙarfen da ya kewaye gaban taya, wanda ake dogarawa a kai wajen juye kaya: idan ya yi ƙasa da yawa, zai riƙa cakar kunya ya tsayar da kai cak.

Kafin ka bar gida, auna faɗin ƙofar zaure da ta garka. An sha sayen baro a kawo shi ya ƙi shiga.

Bayan an saya, a wanke kwaɓin siminti da taki a ranar, a riƙa shafa giris a boris, sannan a jingine shi a inuwa bakinsa na kallon bango, don kada ruwa ya kwanta a kwanon.