Darussan Da Ake Koya A Bayan Labule

Idan an gama wasan kwaikwayo a makarantar sakandare, 'yan kallo sukan tafa wa waɗanda suka fito dandali, wato sarki da alƙali da ɓarawo. Amma fa a bayan labule akwai wasu ɗalibai da ba a gani, waɗanda in ba don su ba da wasan bai yiwu ba. Su ne masu jan labule, da masu kula da tufafi, da mai fitila, da kuma mai riƙe da littafi yana raɗa wa wanda ya manta maganarsa.

Wasan kwaikwayo na Hausa a rubuce ya daɗe da shiga makarantunmu. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya wallafa Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali. Marubuci yakan ce ga kasuwa ko ga hamada da kalma guda. To, wa zai fito da kasuwar nan a ɗakin taron makaranta, da bencina da tabarmi da 'yan ƙwarya? 'Yan bayan labule ne.

Darasi na farko da aikin nan ke koyarwa shi ne kiyaye lokaci. Mai jan labule ba shi da damar cewa a dakata masa. In ya yi gaggawa, jama'a za su ga ana ɗauke kujeru. In ya yi jinkiri, wanda ya mutu a cikin wasa zai gaji da kwanciya har a fashe da dariya. Yaron da ya saba da haka ya san cewa minti ɗaya ma dukiya ne.

Na biyu shi ne riƙon amana. Galibi rawani da alkyabba da takobi aro ake yi daga gidajen iyaye ko na masu unguwa. Dole mai kula da kaya ya rubuta kowane abu da sunan mai shi, ya ƙidaya kafin wasa, ya sake ƙidayawa bayan an tashi, sa'an nan ya mayar. Kayan aro ba ya rufe katara, amma yana nuna halin wanda ya ara. Wannan fa shi ne ainihin aikin ma'aji da na mai kula da sito a kowace ma'aikata.

Na uku shi ne dabara da natsuwa. Inda babu kuɗi, auduga takan zama gemu, alli ya zama furfura, kwali ya zama ƙofar fada. In kuwa wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, ba a tsayawa neman mai laifi. Fitila ake kunnawa tukuna, bincike sai gobe.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne yin aiki ba don yabo ba. Mai raɗa yana bin kowace magana tun daga farko har ƙarshe, alhali kuwa nasararsa ita ce kada kowa ya ji muryarsa. Ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan matsayi sarai. Akawun da ya shirya takardu da kyau ba a ambatonsa ranar buɗe asibiti, amma ran da ya yi sakaci kowa zai sani.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da kada su ɗauki wannan aiki a matsayin horo ga waɗanda ba su iya magana a gaban jama'a ba. Ya kamata a riƙa juya shi, wanda ya yi sarki bana ya ɗauki benci baɗi. A ranar rabon kyaututtuka kuma a kira sunayen 'yan bayan labule, su fito su tsaya a gaban iyayensu. Ɗalibai kuwa, duk wanda aka ba shi igiyar labule ya riƙe ta da kyau, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.