Turbo: Yadda Ake Ƙara wa Ƙaramar Mota Ƙarfi, da Abin da Hakan ke Jawowa

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda garwashi ke yin ja wur da zarar an fara zuga. Gawayin bai ƙaru ba, iska ce kawai ta ƙaru, amma sai wutar ta yi ƙarfin da za ta tausasa ƙarfe. Wannan hikima ta zugazugi ita ce tushen na'urar nan da ake kira turbo, wadda ake ɗaura wa injin mota domin ya ba da ƙarfin da ya fi girmansa. Sai dai kuma sau da yawa masu sha'awar gudu kan ɗauka cewa da an ɗaura na'urar magana ta ƙare. Wannan kuskure ne da kan jawo asarar inji, wani lokaci ma har da asarar rai.

Yadda inji ke numfashi

Injin fetur ya yi kama da jikin ɗan Adam ta wata fuska. Jiki yana samun kuzari ne ta hanyar haɗa abinci da iskar oksijin a cikin ƙwayoyin halitta, inji kuwa yana haɗa fetur da oksijin a cikin silinda, filogi ya kunna wuta, zafin ya tura fistin ƙasa. Oksijin kashi 21 ne kacal cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu, saboda haka fetur yana bukatar iska mai yawan gaske. Kafin giram 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami kimanin giram 14.7 na iska. Ke nan ƙara wa inji mai ba tare da ƙara masa iska ba, ba ya haifar da komai sai baƙin hayaƙi da ɓarna.

Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska ne da kansa, kamar yadda huhu ke yi. Idan fistin ya sauka, nauyin iskar sararin samaniya, wanda ya kai kimanin ba 1 a bakin teku, shi ke tura iska cikin silinda. Girman silinda shi ne iyakar abin da zai iya shaƙa. Hanya biyu ce ta wuce wannan iyaka, wato a ƙera babban inji mai nauyi da shan mai, ko kuwa a cusa wa ƙaramin inji iska da ƙarfi.

Yadda turbo ke aiki

Kimanin kashi ɗaya bisa uku na kuzarin da ke cikin fetur yana fita ne ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi shi ne ya yi rajistar dabarar cin moriyar wannan hayaƙi a shekarar 1905. Na'urar farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta matse ta, ta tura cikin inji. A ƙananan motoci sandar kan yi juyi sama da 150,000 a minti guda, alhali zafin hayaƙin kan haura digiri 900 a ma'aunin Salsiyos.

Da yake ƙarin iska na kawo ƙarin hayaƙi, ƙarin hayaƙi kuma na ƙara wa farfela gudu, tilas ne a sami abin da zai taka wa lamarin birki. Saboda haka ake sa wata 'yar ƙofa a hanyar hayaƙi, wadda ke buɗewa idan matsi ya kai iyakar da aka tsara, ta karkatar da wani sashe na hayaƙin ya wuce ba tare da ya taɓa farfela ba.

Misali daga ƙasar Jamus

A shekarar 1973 kamfanin BMW ya ɗauki ƙaramar motarsa mai suna 2002 tii, mai injin lita 2 da ƙarfin doki 130, ya ɗaura mata turbo mai ƙara matsin ba 0.55. Sabuwar motar, wato 2002 Turbo, ta ba da ƙarfin doki 170, tana kuma iya gudun kilomita 211 a sa'a. A nan ɗalibi mai lura zai yi tambaya: tun da matsi ya ƙaru da kashi 55 cikin ɗari, me ya sa ƙarfi ya ƙaru da kimanin kashi 31 kawai?

Dalili na farko shi ne zafi. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannu. Iskar da ta shiga turbo da zafin digiri 30 tana iya fitowa da digiri 80 ko fiye, iska mai zafi kuwa buɗewa take yi, oksijin da ke cikin kowace lita ya ragu. Wannan ne ya sa motocin da suka biyo baya suke da wani abu mai kama da lagireto tsakanin turbo da inji, wanda aikinsa sanyaya iska kafin ta shiga silinda.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci. Idan matsi da zafi suka yi yawa a cikin silinda, ragowar cakuɗen fetur da iska kan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Ana jin wannan a matsayin ƙwanƙwasa a cikin inji, kuma idan ta daɗe tana iya huda fistin ko ta ƙona gaskit. Domin kauce wa haka, injiniyoyin BMW sun rage yawan matsewar da fistin ke yi wa cakuɗen. A motar farko fistin yana matse shi ninki 9.5, a mai turbo kuwa aka mayar da shi ninki 6.9. Sun sadaukar da wani ɓangare na ƙarfi domin injin ya yi ƙarko. Tun kafin nan, a shekarar 1962, kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fitar da mota mai turbo da ake kira Jetfire ba tare da rage matsewar ba. Sai ya zamana dole a riƙa fesa wa injin cakuɗen ruwa da sinadarin metanol daga wani tanki na daban, masu motar kuwa sukan manta da cika tankin. Shekara biyu kawai aka yi ana ƙera ta.

Saitin inji

Daga nan za a fahimci cewa saiti shi ne ran aikin. Abu uku ake daidaitawa: yawan fetur, lokacin da filogi ke ba da wuta, da iyakar matsin turbo. Ƙarin iska na bukatar ƙarin mai, don haka sau da yawa sai an sauya famfon mai da bututun fesa shi zuwa manya. Idan mai ya gaza a lokacin da matsi ya hau, zafin silinda kan tashi har fistin ya narke. Haka kuma akan ɗan jinkirta wutar filogi idan matsi ya ƙaru, a kuma yi amfani da fetur mai yawan okten, wato mai jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba.

A shekarar 1982 kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya shigo da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa, ta rage matsin turbo da kanta idan ta ji ta. A motocin zamani kwamfutar inji ce ke wannan aiki, kuma gyaran saiti yana nufin sauya lissafin da aka rubuta a cikinta. Wanda ya ƙara matsi a cikin wannan lissafi ba tare da ya auna yawan mai da zafin hayaƙi ba, ya yi daidai da wanda ya sa mai hawan jini tsere.

Giya, kuloci da birki

Ƙarfin da inji ya samar sai ya ratsa kuloci da akwatin giya da sandunan ƙafa kafin ya kai ga taya. Kowannensu an ƙera shi ne daidai da ƙarfin murɗawa na injin asali. Kuloci shi ke fara nuna gazawa: direba ya taka totur, ƙarar inji ta hau, amma gudun mota bai ƙaru ba, sai warin ƙuna. Maganinsa shi ne faifai mai jure zafi da mamatsi mai ƙarfi. Bayan an gyara wannan, nauyin sai ya koma kan haƙoran giya, waɗanda kan karye idan an fizgi mota daga tsaye. A mota mai canza giya da kanta kuwa, zafin man giya ne babban abokin gaba, don haka ake ƙara masa abin sanyaya.

Yawancin ƙananan motoci da tayun gaba suke ja. Idan an fizge su nauyi kan koma baya, tayun gaba su yi sauƙi, ɗaya ta yi ta juyawa a banza, sitiyari ya riƙa fizgar hannun direba. Akwai na'urar raba ƙarfi da ke hana taya ɗaya zamewa ita kaɗai, kuma BMW ya sa wa 2002 Turbo irinta, tare da manyan birki da tayu masu faɗi.

Batun birki ba abin wasa ba ne. Kuzarin motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana bukatar nisan taka birki ninki huɗu na wadda ke gudun kilomita 60. Duk wanda ya ƙara wa mota ƙarfi ya bar mata tsohon birki, ya sayi gudu ne bai sayi tsayawa ba.

Kulawa

Sandar turbo tana yawo ne a kan siririn shimfiɗin baƙin mai. Idan aka kashe inji nan take bayan doguwar tafiya mai sauri, man da ya tsaya a cikin na'urar kan ƙone ya toshe hanya. Yana da kyau a bar inji ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu, a riƙa juye mai a kan kari, a kuma kula da matatar iska, musamman lokacin hunturu, domin ƙura tana cinye bakin farfela mai irin wannan gudu.

Kammalawa

Motar 2002 Turbo ta fito ne daidai lokacin da rikicin man fetur na 1973 ya tayar da farashi, guda 1,672 kawai aka ƙera. Haka kuma an san ta da jinkiri, domin turbo ɗin ba ya kamawa sosai sai inji ya kai wajen juyi 4,000 a minti, sa'an nan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Daga baya aka juya dabarar zuwa tsimin mai. A shekarar 2012 kamfanin Ford ya fitar da injin lita 1 mai silinda 3 da turbo, wanda ke ba da ƙarfin doki 125, wato kusan abin da injin lita 2 na 2002 tii ke bayarwa. An cim ma wannan ne saboda tun daga zanen farko an tsara fistin da mai da sanyaya da giya su yi aiki tare. Wanda ke son ɗaura wa ƙaramar motarsa turbo, shi ma sai ya lissafa kuɗin kuloci da birki da saiti tun kafin ya sayi na'urar.