Noman Rani a Ƙasar Kura da Bunkure: Ribar da Ake Gani da Hasarar da Ke Bin Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da ya kusa Kura zai ga ƙasa ta sake kama. Bayan ƙura da busassun karare da ya baro, sai ga gonaki kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa, ruwa kuma yana gudana a magudanai kamar ana cikin watan Agusta. Wannan shi ne Aikin Noman Rani na Kogin Kano, wanda galibin mutane suka fi sani da sunan Kadawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aikin ya samo asali, da abin da ya jawo ga lafiyar jama'a da ƙasar da suke zaune a kai, da kuma yadda mutane suka tayar da murya game da irinsa. Abin da za a nuna shi ne, ribar babban aiki irin wannan a fili take, kowa yana ganinta, amma hasararsa ruwa take bi, ta sauka a kan waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Asalin Aikin

Kafin zuwan wannan aiki, noman rani a ƙasar Kano bai wuce na fadamu da bakin rafi ba, inda manomi yake ɗebo ruwa da jigo ya shayar da ɗan lambunsa. A zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ƙudura niyyar tare koguna domin a yi noma shekara duka. An fara gwaji a Kadawa da taimakon masana daga ƙasar Holan, sa'an nan aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, watau daidai lokacin da babban fari ya gallabi ƙasashen Sahel. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya mamaye fili kimanin murabba'in kilomita 178.

Daga Tiga ruwa yake gangarowa da kansa, ba tare da injin turawa ba, ta wata babbar hanya da aka haƙa, ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, har ya kai gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashi na farko zai ci hekta 22,000, ko da yake an shafe shekaru da yawa ba a kai ga wannan adadi ba. A cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Babu mai musun amfanin da aka samu. Manomin da a da yake tafiya cin rani da zarar ya gama girbi, yanzu yana da abin yi a gida. Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan kuwa daga nan ake lodin tumatir zuwa kudancin ƙasar nan. Amma kamar yadda masu iya magana kan ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Illa ga Lafiyar Jama'a

Cuta ta farko da ke bin irin wannan ruwa ita ce tsargiya, watau fitsarin jini. Yadda take yaɗuwa abin lura ne ƙwarai. Idan mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai son ruwa maras ƙarfin gudu, mai ciyayi. A cikinta suke hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, su tafi su zauna a jijiyoyin jini na mafitsara. A da, rani yakan ƙafar da kududdufai, katantanwa ta ragu, cutar ta lafa. Amma magudanan noman rani sun samar mata da mazauni na dindindin, kuma a cikinsu ne yara suke iyo, ake wanki, manomi yake tsayawa yini guda yana juya ruwa. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, a wurare da dama an daɗe ana ɗaukar jinin da yaro yake gani a fitsarinsa a matsayin alamar balaga, ba a kai shi asibiti. Alhali kuwa idan cutar ta daɗe takan jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara da ƙoda. Akwai maganinta mai sauƙi da ake kira furazikwantel, sai dai wanda ya warke yau, in ya koma ruwan gobe, sai ya sake kamuwa.

Ta biyu ita ce zazzaɓin cizon sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake yin ƙwai, kuma gonar shinkafa da magudanar da ta toshe sun ishe shi. Don haka cutar da aka saba da ita a damina da kaka ta sami hanyar zarcewa har cikin rani. Ta uku kuwa ita ce magungunan feshi. Tumatir ba ya yi sai da feshi, manoma da yawa kuma suna yinsa ba tare da rufe hanci ko hannu ba, ragowar maganin da takin zamani kuma su bi ruwa su isa inda mutane da dabbobi suke sha.

Illa ga Ƙasa

Domin ruwa ya iya malala a gona, sai da aka kawo katafiloli suka baje ƙasa, aka tumɓuke itatuwa irin su ɗorawa da kuka da tsamiya, waɗanda iyali suke samun abin miya da 'yan kuɗin kashewa daga gare su. Dubban mutane aka tasa daga inda tafkin Tiga ya cinye. Gonakin da aka gyara an mayar wa masu su bayan an cire wani kaso saboda hanyoyi da magudanai, aka kuma buƙaci su shuka alkama, wadda take son taki da kuɗin aiki fiye da ƙarfin talaka. Binciken da Tina Wallace ta yi, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga a 1979, ya nuna yadda ƙananan manoma suka riƙa ba da hayar gonakinsu ga masu hali. Daɗin daɗawa, inda hanyoyin fitar da ruwa suka lalace, ƙasa takan jiƙe ta yi laushi, gishiri da kanwa su taso su kashe shuka.

Amma babbar hasarar nesa da Kura ta faɗa. Kogin Kano yana haɗuwa da na Calawa su zama Kogin Haɗeja, wanda yake malala kowace damina a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kafin ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Wannan ambaliya ita ce rayuwar mutanen can: da ita ake noman shinkafa, da ta janye a shuka wake da sauran amfani a danshin da ta bari, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika. Tiga, da kuma madatsar Calawa da aka gama a 1992, sun rage ambaliyar damina, suka mayar da kogin mai ɗan gudu shekara duka. Wannan sauyi shi ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe su, wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su sam. A cikin kacalar kuma tsuntsayen jan-baki suke samun mafaka, su fito su far wa hatsi. A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka auna abin da noman rani na sama yake samarwa da abin da fadamun ƙasa suke rasawa, suka tarar ribar ba ta kai ko kusa da hasarar ba.

Muryar Waɗanda Abin Ya Shafa

Ba a yi waɗannan ayyuka mutane suna kallo kurum ba. A yankin Kadawa, a ƙarshen shekarun 1970, matan ƙauye da suke ƙwadago a gonar wani kamfanin Turawa mai noman kayan lambu don kaiwa Turai sun yi yajin aiki suna neman ƙarin lada, abin da ba a zaci matan karkara za su yi ba. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a Jihar Sakkwato ta wancan lokaci, Zamfara a yau. Manoman da aka hana shuka, aka kuma ja musu rai a kan diyya, sun tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta amsa mutuwar mutum ashirin da 'yan kai, mutanen wurin kuwa da masu bincike sun ce abin ya kai ɗaruruwa. Haka kuma madatsar Kafin Zaki da aka so a gina a kan Kogin Jama'are ta sha suka daga mutanen Yobe da Borno da masu kishin muhalli, saboda sun ga abin da Tiga ta yi wa Kogin Haɗeja.

Misali daga Amurka

Wannan matsala ba ta tsaya ga madatsun ruwa ba, ba ta kuma tsaya ga ƙasashe matalauta ba. A yankin duwatsun Afalashiya na Amurka, musamman jihohin Birjiniya ta Yamma da Kentaki, tun shekarun 1970 ake haƙar kwal ta hanyar fille kan dutse. Akan share dajin da ke bisa, a sa nakiya a farfasa ƙoƙon dutsen, wani lokaci zurfin mita ɗari ko fiye, a kwashe kwal, sa'an nan a zuba ɓaraguzan a kwazazzaban da ke gefe. Ta haka aka rushe duwatsu fiye da 500, aka binne ƙoramu masu tsawon kilomita wajen 3,000. Ruwan da yake tsatsowa daga ƙarƙashin ɓaraguzan yana ɗauke da sinadarai masu kashe kifi da ɓata rijiyoyi, kuma binciken Michael Hendryx da abokan aikinsa ya nuna cututtukan huhu da zuciya da ƙoda sun fi yawa a garuruwan da ke kusa da ma'adinan. Waɗanda suka ja gaba wajen adawa mutanen ƙauyukan ne da kansu, irin su Judy Bonds da Maria Gunnoe, kuma a 2011 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta soke izinin zubar da ɓaraguzai na wani babban ma'adini a Birjiniya ta Yamma. Bambancin da ke tsakanin wannan da Kadawa a bayyane yake, domin haƙar kwal cinye ƙasa take yi ta tafi, noman rani kuwa ciyar da jama'a yake yi. Inda suka yi tarayya shi ne, a duka biyun an yanke shawara a ofis, an ƙirga abin da za a samu, ba a ƙirga abin da mutanen gangare za su rasa ba.

Kammalawa

Ba wanda zai ce a rushe Tiga, domin abincin dubban gidaje a kanta ya rataya. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yashe magudanai a kan kari yana rage katantanwa da sauro. Samar da rijiyoyin burtsatse da makewayi a ƙauyukan aikin yana raba yara da ruwan magudana, raba magani a makarantu kuma yana warkar da waɗanda suka kamu. Sakin ruwa daga madatsun a damina, gwargwadon yadda kogin ya saba, zai mayar wa fadamun Haɗeja da Nguru wani abu daga cikin haƙƙinsu. Sama da duka, kafin a taɓa wani kogi ko wani dutse nan gaba, ya wajaba a tambayi masunci da makiyayi da manomin da ke can ƙasa, a saka hasararsu a cikin lissafi tun ba a kawo katafila ba. Allah Ya sa mahukunta su gane haka, amin.