Tagwayen ƙwayoyin haske: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mene ne tagwayen haske?

Haske yana tafiya ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ana kiranta foton. Wani lokaci biyu kan fito a sarƙe da juna, ta yadda abin da aka auna a jikin ɗaya zai dace da na ɗayar, komai nisan tsakaninsu. Ba a aika saƙo nan take ta wannan hanya, amma ana samun mabuɗin sirri da duk mai leƙe zai tona kansa. Binciken wannan sarƙaƙiya ne ya ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel a 2022.

Yaya ake samar da su?

Ana haska leza cikin kiristal na musamman. Jefi-jefi ƙwaya ɗaya mai tsawon zango nanomita 405 kan rabe biyu, kowace mai 810, su raba ƙarfinta a tsakaninsu. Mafi yawan hasken wucewa yake yi kawai.

Ina wahalar take?

A nan gizo ke saƙa. Tsawon zango ne ke ba haske launinsa, kuma launuka daban-daban ba sa gudu iri ɗaya cikin kiristal. Kamar mata masu lugude ne: da zarar wata ta riga wata, daka ya lalace. Haka hasken leza da na tagwayen ke saɓa kiɗa bayan ɗan taƙi, sai abin da aka tara a gaba ya soke na baya.

Tun 1962 Bloembergen da abokan aikinsa suka kawo dabara: a riƙa juya fuskar kiristal ɗin daidai wurin da saɓanin zai fara. A 1993 masu bincike na Sony suka yi hakan da wutar lantarki a jikin litiyam nayobet. Vincent Berger ya faɗaɗa tunanin a 1998 zuwa zane mai tsawo da faɗi, a 2018 kuma aka sassaƙa mai zurfi da leza. A ganina wannan ne babban ci gaban: yanzu injiniya ke zana launi da alkiblar da tagwayen za su bi, ba sai abin da dutse ya ba shi ba.

An gwada a zahiri?

Sosai. Tauraron ɗan'adam na Micius da Sin ta harba a 2016 yana ɗauke da kiristal ɗin KTP mai irin wannan juyi. A 2017 aka ba da rahoton ya raba tagwaye tsakanin garuruwan Delingha da Lijiang, tazarar kilomita kusan 1,200.