Shaihun Malamin Da Ya Sa Harsashin Gini Yin Aiki Biyu

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi da asubahin hunturu ya san yakan ji shi da ɗumi, alhali kuwa da bazara ruwan nan da sanyinsa yake fitowa. Ba ruwan ne ke sauyawa ba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar an nutsa kamar mita 10 cikin ƙasa, zafin wurin kusan ɗaya yake rani da damina. A kan wannan al'amari ne wani shaihun malami ɗan asalin Afirka, Farfesa Lyesse Laloui, ya shafe shekaru masu yawa yana bincike.

An haife shi cikin 1963 a Skikda, wani gari na bakin Bahar Rum a ƙasar Aljeriya. Ya koyi aikin injiniya na gine-gine a ƙasarsu, sa'an nan ya wuce Faransa, inda ya sami digirin digirgir a birnin Faris cikin 1993. Daga can ya koma babbar makarantar fasaha ta birnin Lozan a ƙasar Suwizalan, wadda ake kira EPFL, kuma cikin 2008 ya zama shugaban sashenta na binciken halayyar ƙasa.

Fanninsa shi ne sanin ƙasar da ake ɗora gini a kanta: yawan nauyin da za ta iya ɗauka, da yadda takan kumbura ko ta lotsa in ruwa ya shige ta. Inda ƙasa ba ta da ƙwari, akan kafa dogayen ginshiƙan kankare har su kai wuri mai tauri, sa'an nan a aza ginin bisansu.

Tun cikin shekarun 1980 magina a ƙasar Ostiriya suka fara ɗaura bututun roba a jikin rodin irin waɗannan ginshiƙai kafin a zuba kankare. Ruwa na zagayawa cikin bututun. Da hunturu ya kwaso ɗumin ƙasa, wani inji mai aiki irin na firji ya ƙara masa ƙarfi ya ɗumama ɗakuna. Da bazara kuwa sai ya kwashi zafin ɗakuna ya kai ƙasa ya ajiye. Watau ginshiƙi ɗaya, ga ɗaukar kaya ga rage kuɗin wuta.

To, amma fa akwai abin tsoro. Kankare yakan miƙe in ya ji zafi, ya kuma tsuke in ya ji sanyi. Ginshiƙin da ke ɗauke da bene, ana ɗumama shi ana sanyaya shi shekara da shekaru, shin ba zai tsage ko ya zame daga ƙasar da ta riƙe shi ba? Rayukan jama'a ne a bisansa.

Wannan tambaya ce Laloui da abokan aikinsa suka sa gaba. A ƙarshen shekarun 1990 suka sa na'urorin awo cikin wani ginshiƙi mai tsawon kimanin mita 26 a ƙarƙashin wani bene da ake ginawa a makarantarsu, suka riƙa ɗumama shi suna awo. Sakamakon da suka buga cikin 2006 ya nuna cewa in ginshiƙi na sake, kansa yakan ɗaga da 'yan milimitoci kaɗan. In kuwa nauyin bene ya danne shi, miƙewar da aka hana shi sai ta koma ƙarin matsi a cikin jikinsa. Saboda haka tilas injiniya ya sa zafi cikin lissafinsa tun daga farko, kamar yadda yake sa nauyi. Cikin 2019 shi da almajirinsa Alessandro Rotta Loria suka fitar da babban littafi a kan yadda ake wannan lissafi.

Dabarar ta wuce ɗakin gwaji. A filin jirgin saman Zurik, wani ginin fasinjoji da aka buɗe cikin 2003 yana bisa ginshiƙai fiye da 400, kuma kimanin 300 daga cikinsu na ɗauke da bututun nan.

Sai dai ba a ɗauko ta ɗungurungum a dasa a ƙasa mai zafi irin Nijeriya. A Turai abin da aka zuba wa ƙasa da bazara ana kwashe shi da hunturu. Inda sanyaya ɗaki kawai ake bukata, zafi zai yi ta taruwa har amfanin ya ragu. Duk da haka, ruwan ɗumi na Wikki a Yankari da na Ikogosi a Jihar Ekiti shaida ne cewa ƙarƙashin ƙasar nan akwai abin bincike. Haka kuma baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta dare da rani, ta daɗe tana tsattsaga hanyoyi da gine-gine.

Aiki ke nan da ke jiran jami'o'in ƙasar nan da matasan injiniyoyinta. Hausawa dai sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.